Bashin Gangare: Yini Guda a Kurmin Ngel Nyaki

 

An nemi in yi magana kan tafiyar ƙasa a tsaunuka masu kurmi, irin wadda ake fita da asuba a dawo kafin magariba. Da na zauna shiri sai na ga in na ce zan bi tsaunukan duniya ɗaya bayan ɗaya, za mu tashi daga nan ba wanda ƙafarsa ta taɓa ko guda. Don haka zan tsaya wuri ɗaya, kurmin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, in ba ku labarin yinin da muka yi a cikinsa ni da wasu ɗalibai huɗu, da lissafin da na koyo a can.

Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali ya wuce Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Shi wannan ba aikin yini guda ba ne, sai an yi kwanaki a hanya. Daga Mayo Selbe mota ke fara hawa, kwana bayan kwana, kunne na toshewa yana buɗewa, har a fito kan wani shimfiɗaɗɗen tudu na ciyawa mai kimanin mita 1,600 sama da teku. Nan ce Ƙaramar Hukumar Sardauna, mai hedkwata a Gembu, yankin da ya zaɓi zama cikin Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Kano ba ta kai mita 500 ba. Iska kuwa tana rage zafi da kimanin digiri shida da rabi a duk hawan mita dubu, shi ya sa Bakano ke neman bargo a Mambila a watan da yake kwana da fanka a gida.

Mu a nan in an ce hawan dutse, Dala da Goron Dutse ke faɗo mana a rai. Ka hau da ƙarfinka, ka huta a bisa, ka sauko a gajiye gangare na taimakonka. A Ngel Nyaki abin a juye yake. Ƙauyen Yelwa, inda ake tashi, yana can bisa tudu, kurmin kuma yana manne da gefen tsaunin, ƙasa da ƙafarka. Da sauka ake farawa, da hawa ake gamawa. Duk abin da zan faɗa yau daga wannan juyin ya taso.

Akwai dalilin da ya sa kurmin ya zaɓi gefen tsauni. Kowane rani ana sa wa ciyawar tudu wuta don sabuwa ta tsiro wa shanu, kuma ƙaramar bishiya ba ta jure wuta da kofato shekara da shekaru. Abin da ya saura na itatuwa sai a wuraren da ke da tsananin gangare da damshi, inda wuta kan mutu a bakin ganye. Gandun Ngel Nyaki da aka keɓe tun 1969 ya kai murabba'in kilomita 46, amma kurmin gaske bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan fili ba. Ɗan abin nan ne ya rage, kuma irinsa ba su da yawa a duk Afirka ta Yamma.

Mun je ne a ƙarshen Oktoba, damina na shirin ban kwana. Muka yi sallar asuba a Yelwa, muka fita gari bai gama wayewa ba. Jagoranmu dattijo ne ɗan garin, Baba muke ce masa. Kafin mu ɗaga ƙafa ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, daga takalmi zuwa jaka. Ya mayar da yaro ɗaya ya sauya silifas, ya miƙa wa kowa sanda, sannan ya ce, «Malam, in rana ta take tsaka, ko ina muke za mu juya.» Na ce masa to.

Raɓa ta jiƙa mu har cinya tun ba mu yi nisa ba. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba muka isa bakin tsaunin, inda tashar bincike take. Wata masaniyar tsirrai ce, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyuzilan, ta kafa aikin binciken kurmin tsaunukan Najeriya a wurin, bisa sawun mahaifinta J. D. Chapman, ma'aikacin gandun daji da ya zaga waɗannan kurmi a shekarun 1970 yana rubuta abin da ke cikinsu. Da yawa daga masu aikin tashar 'yan Yelwa ne. Za ka ga matashi ya kalli ƙwallon 'ya'yan itace a ƙasa ya faɗi sunan bishiyar na Latin, ya kuma faɗi wace dabba ce ta ci. Nan ake gaisawa a sanar da shiga. Kada wanda ya wuce wannan mataki, domin gandu ne mai doka, kuma in dare ya yi ba ku fito ba, su ne za su san inda za a fara nema.

Daga bakin tsaunin gajimare yana ƙarƙashinmu, fari fat, ya cika kwarin kamar an zuba auduga a kwando. Kawunan bishiyoyi ne kaɗai suka leƙo. Muka tsaya shiru na ɗan lokaci, sannan Baba ya shige gaba.

Taku ashirin cikin kurmi, duniya ta sauya. Iska ta tsaya, haske ya koma kore-kore, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye. Akwai manyan itatuwa dangin maɗaci, miƙaƙƙu sambal, sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga reshen farko. Wasu gindinsu ya yi fukafukai irin na rimi, mutum zai iya ɓuya a tsakani. Gansakuka ta rufe kowane dutse, igiyoyin daji sun sauko daga sama, dangin ɓaure sun naɗe wasu bishiyoyin har sun shaƙe su. A bakin ƙoramu kuma ga malmo, wanda na gane da murna kamar na haɗu da ɗan unguwa a baƙon gari. A wani sashe kowace bishiya na ɗauke da ɗan ƙarfe mai lamba. Fili ne na hekta 20 da aka shata a 2014, aka auna duk itacen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya, don a riƙa dawowa ana ganin wanda ya girma da wanda ya mutu, kamar yadda ake yi a wasu kurmin duniya ƙarƙashin jagorancin cibiyar Smithsonian ta Amurka.

Sauka tana da daɗin da ke yaudara. Numfashi lafiya lau, ana hira ana dariya, ga shi ana cin ƙasa da sauri. Amma a kowane taku naman gaban cinya ne ke riƙe nauyin jiki kada ya rufta, kamar birkin babbar mota a gangaren Mayo Selbe. Ba ka jin yana ƙarewa sai lokacin da ka neme shi. Baba yana sauka ne a karkace, taku gajere, sanda a gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Samarin namu kuwa suna dira tsalle-tsalle. Ya juyo sau ɗaya ya ce, «'Ya'yana, ku adana.» Bai ƙara ba.

A nan ne ya kamata in kawo lissafin. Mu mutanen fili da kilomita muke auna tafiya. A tsauni wannan mudu ba ya cika. Wani mai hawan tsauni ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake aiki da ita: ka ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, ka ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. A ce tafiyarka kilomita 10 ce da hawan mita 600, ka ga awa uku ke nan. To amma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a buɗaɗɗiyar hanya, ba hutu, ba salla, ba cin abinci. A kurmi mai santsi da saiwoyi da faɗaɗɗun itatuwa, ni shawarata ka ninka. Akwai kuma wani tarkon. Taswira za ta nuna maka kurmin yana tsakanin mita 1,400 da 1,600, ka ce ai mita 200 ce kawai. Ba ta gaya maka ƙoramu sun tsattsaga gefen tsaunin ba. Kowane kwazazzabo sai ka sauka cikinsa ka hau ka fita, a dawowa ma haka. In ka tsallaka biyar, ka hau wannan tsaunin fiye da sau ɗaya ba ka sani ba.

Wajen hantsi Baba ya ɗaga hannu, muka ƙame. Can sama wani abu ya yi ƙara, piyau, piyau, sai reshe ya girgiza. Biri ne baƙi-baƙi mai ɗigon fari a hanci, kamar an shafa masa alli. Wannan birin ya shiga tarihin kimiyya. A 2006 wasu masu bincike biyu, Kate Arnold da Klaus Zuberbühler, suka buga sakamakon aikin da suka yi a Gashaka. Sun gano namijin yana da kira iri biyu, «piyau» da «hak», yana yin na biyun musamman in ya hango gaggafa. In kuwa ya jera su a wani tsari, piyau a gaba hak a baya, sai ma'anar ta zama daban, garken ya tashi ya yi gaba. Wato dai haɗa sauti biyu a samu saƙo na uku, abin da aka daɗe ana ɗauka na ɗan Adam ne shi kaɗai. Ina tsaye ƙarƙashin bishiyar nan, wuyana ya ƙage don kallon sama, ina jin abin da na karanta a takarda yana fitowa daga bakin mai shi.

Birin nan manomi ne kuma. Yana cin 'ya'yan itace ya yar da ƙwallon nesa da uwar, inda zai samu haske ya tsiro. Gafiya ma tana nata. Mun saba cewa gafiya tsira da na bakinki, to a Ngel Nyaki masu bincike sun bi ƙwallayen da take kwashewa a kumatu, suka ga wasu takan binne ta manta, su kuma su zama bishiya. Wanda ya ɗana tarko ya kashe biri a kurmin nan, ya sare itatuwan da ba a riga an shuka ba.

Ba duk mazauna kurmin ne ke da daɗin haɗuwa ba. Kwarkwasa kan yi jerin gwano ta tsallaka hanya, baƙi wuluk kamar igiya. Dabarar ita ce ka hango ta tun daga nesa, ka tsallake da sauri, ka yi gaba sosai kafin ka tsaya kakkaɓewa. Ɗalibi ɗaya ya tsaya ɗaukar hoto a gefen layin, bai ƙara ba har muka fito. Tun daga nan kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa.

Sha biyu saura kaɗan muka isa wata ƙorama mai ruwa garai-garai, sanyi kamar ƙanƙara. Baba ya nuna mana sama. A tsakanin rassa akwai wani abu kamar katafaren sheƙar shamuwa, an lanƙwasa rassa an saƙa su, ganyen bai ko bushe ba. Makwancin cimfanzi ne, babban birin nan mai kama da mutum, wanda ke gina sabon gado kusan kowane maraice. Irin da ke nan ba a samunsa ko'ina a duniya sai Najeriya da Kamaru, kuma cikin ire-irensa huɗu shi ne mafi ƙaranci. 'Yan kaɗan ne suka rage a Ngel Nyaki, a tsare cikin tsibirin kurmi da ciyawa ta kewaye. Muna cikin kallo sai muka ji su. Daga hayin kwazazzabo na gaba wata murya ta fara huci a hankali, tana hawa tana hawa har ta fashe da ihu, wasu suka amsa. Tsigar jikina ta tashi.

Ga inda na yi kuskure, kuma saboda shi na yarda na zo wannan zama. Na ce, «Baba, mu ɗan ƙarasa hayin can mana, ai ga shi nan kusa.» Ya kalli sama, ya kalli ɗaliban, ya ce, «Malam, duk abin da muka sauko bashi ne, kuma yau za a biya.» Na ce rabin awa kawai. Ya yi shiru, sannan ya ɗauki sandarsa ya shige gaba.

Baba bai canza ra'ayi ba. Kara ya yi mini. Ni baƙo ne, ni ne babba cikin tawagar, ga ɗalibaina na kallo, tarbiyyarsa ba za ta bar shi ya musa mini sau biyu a gabansu ba. Wannan abu ne da littattafan hawan tsauni na Turai ba za su gaya muku ba, domin ba su san kara ba. Muna cewa da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garinmu mai kunya ne. In ya ce a juya, to da ƙyar maganar ta fito, kuma ba lalle ya maimaita ba. Wanda ya sake roƙonsa ya ɗora masa zaɓi tsakanin mutuncin baƙo da lafiyar tawaga, kuma bai kamata a sa dattijo a wannan tsaka mai wuya ba. Lokacin juyawa da safe ake yanke shi, hankali na kwance, don kada a sake buɗe zancen sa'ad da zumuɗi ya hau kai.

Rabin awar nan ta zama awa ɗaya da rabi. Kwazazzabon ya fi yadda ya nuna zurfi, muka riƙa riƙe saiwoyi muna jan jiki. Da muka fita hayin, ba kowa sai ɓawon 'ya'yan itace da aka tauna da rassa masu motsi. Sun ji mu tun muna ƙasa. Muka yi alwala da ruwan gora, muka yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, muka ci dabino da ƙuli-ƙuli da fiyar da muka saya a Yelwa, muka juya ƙarfe biyu ta kusa.

Wajen uku hadari ya haɗo. A kurmi ba ka ganin zuwansa, duhu kawai za ka ga ya ƙaru, sai ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwanon rufi. Yankin nan yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na Kano, kuma daga waɗannan tsaunuka ne kogin Donga da kogin Taraba ke tasowa su gangara Binuwai. Ranar mun ga yadda kogi ke farawa. Hanyar da muka sauko ta zama ƙorama, jar ƙasa ta koma sabulu. Ka yi taku uku sama, santsi ya dawo da kai ɗaya. Cinyoyin da aka kashe da tsalle-tsalle da safe yanzu aka neme su, aka tarar ba kowa a gida.

Ɗalibar da ke cikinmu ta fi kowa juriya, don ita ce ta kwaikwayi takun Baba tun farko. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mafi ƙarfinmu. Rigar auduga ce da wandon jins a jikinsa, sun sha ruwa sun manne, kuma tun safe bai sha ruwan kirki ba, saboda a sanyi ƙishi ba ya kiran mutum alhali gumi na fita. Jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, sannan ya fara karkarwa, maganarsa ta ragu. Ku riƙe wannan: ba sai an yi ƙanƙara sanyi ke kayar da mutum ba. Jiƙaƙƙen kaya da iska da gajiya da yunwa sun isa su sa zafin jiki ya yi ƙasa. Baba ya tsayar da mu a gindin wata bishiya, ya sa ya tuɓe rigar, ya ciro busasshiyar rigar sanyi daga cikin leda a jakarsa ya ba shi, ya yanka wata babbar leda ya zura masa a kai kamar riga. Ya ba shi dabino, ya jiƙa sukari da ɗan gishiri a gora ya ce ya riƙa kurɓa. Wayoyinmu duk suna aljihu, ba wadda ke da sabis a cikin kwarin. Abin da ya yi aiki a ranar leda ce da busasshiyar riga da tocilan.

Daga nan Baba ya sa yaron a bayansa, ya sa ni a ƙarshe, ya sauya tafiyar. Taku talatin, a tsaya a ja numfashi biyar a tsaye, ba zama. Ba ya miƙe hawa, sai ya riƙa yanka gangaren dama da hagu. Ba wanda zai wuce na gabansa, ba wanda za a bari a baya. Wajen biyar da rabi ruwan ya tsagaita, muka hango hasken bakin tsaunin ta tsakanin ganye, samarin suka yi kabbara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mun ƙara fiye da rabin awa kafin mu taka ciyawa. A wannan yanki rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, almuru gajere ne, kuma cikin kurmi duhu kan riga faɗuwar rana da nisa. Da mun ƙara jinkirin rabin awa, da a cikin duhu za mu yi hawan ƙarshe da yaro mai karkarwa.

Mun yi magariba a bakin tsaunin, iska na kaɗa jiƙaƙƙun kayanmu. Ma'aikatan tashar sun riga sun fito da fitilu suna duban hanya. Sauran tafiyar zuwa Yelwa da tocilan biyu muka yi ta, mu shida, shanu na numfashi a duhu gefen hanya. Mai shayin garin ya dafa mana ganyen Kakara, wanda ake nomawa a kan tudun nan, yaron nan ya riƙe kofi da hannu biyu har karkarwar ta tsaya.

A daren na sami Baba a ƙofar gidansa na ba shi haƙuri. Ya ce, «Ba komai, Malam, Allah ya kiyaye.» Sai ya tambaye ni yaushe za mu dawo. Ya ce in muna son ganin cimfanzin nan da ido, mu zo da rani bayan ruwa ya ɗauke, mu kwana kusa da bakin kurmi, mu sauka tun da duhu mu zauna ƙarƙashin makwancinsu shiru kafin su farka, mutum uku kawai, ba turare, ba hira.